Ba tsufan motar ne ya ishe ni ba, sabbin kayan gyara ne

Sau uku ke nan cikin wata bakwai motata tana mace mini a tsakiyar hanya, kuma duk sau ukun abu guda ne sanadi: kwandansa. Ɗan ƙaramin abu ne da bai kai babban yatsa ba, yana zaune cikin distiribito, na'urar da ke raba wa fulogai wuta, kusa da kwantak, wato 'yan ƙarafa biyu da ke buɗewa da rufewa suna yanke wutar koyil. Aikinsa shi ne ya shanye tartsatsin da ke tashi a bakin kwantak duk lokacin da ya buɗe, don koyil ya samu ya harba wuta mai ƙarfi zuwa fulogi. Na ƙarshen nan ko kilomita 400 bai yi ba.

Da yamma ne, inji ya ɗauki zafi daidai, sai na ji ya fara tari. Salansa ta yi harbi biyu, na taka totur ba amsa, na gangara gefen titi da sauran gudun da ya rage. Manyan motoci suna wucewa, iskarsu tana girgiza 'yar motar kamar za ta ɗauke ta. Na ɗaga bonet, na cire murfin distiribito, na tarar bakin kwantak ya ƙone ya yi ƙuraje. A cikin akwatin kayan aikina akwai tsohon kwandansan da na tarar a motar ranar da na saye ta, wanda na cire ba don ya lalace ba, sai don na ɗauka sabo ya fi aminci. Na goge bakin kwantak da 'yar takardar yashi, na mayar da tsohon, tocila a bakina, sukundireba a hannu. Kik ɗaya ta tashi. Har yau shi ne a ciki.

To ku gaya mini, jama'a, wannan laifin tsufa ne? Abin da ya shekara da shekaru yana aiki ya ceci motar, wanda aka fito da shi daga kwali jiya-jiya ya kashe ta. Amma duk wanda na ba labari, amsarsa ɗaya: "Ai wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa." Wallahi wannan magana ta ishe ni, domin an bar jaki ana dukan taiki.

Na san abin da na saya. Motar gudu ce ƙirar Ingila ta 1966, kujera biyu, buɗaɗɗen kai, kafireto biyu, danamo maimakon altaneta. Littafinta ya ce a sa mata giris duk mil 3,000, ina sawa. Ina auna ratar kwantak da hannuna, inci 0.015, ina zuba ɗan mai a kan kafireto, ina duba ruwan lagireto kafin in fita. Tana ɗigar da baƙin mai kaɗan a inda ta kwana, da sanyin safiya sai an ja cok an lallashe ta. Duk wannan na amince da shi tun ranar farko, ban taɓa ƙorafi a kai ba, ɗabi'ar motocin zamaninta ke nan. Abin da ban amince da shi ba shi ne in biya kuɗina a ba ni shara a cikin kwali mai ƙyalli.

Kuma ba kwandansa kaɗai ba. Rota, wato ɗan hannun da ke juyawa cikin distiribito yana raba wa fulogai wuta, na sayi sabo, wata biyu ya fara zubar da wutar zuwa sandar da yake zaune a kai. Robar da aka yi shi da ita ba ta riƙe wuta idan ta yi zafi, ga wata 'yar ƙusa da aka kafa kusa da tsakiyarsa, wutar sai ta bi ta nan ta nutse. Motar ta mutu, ka jira ta huce, ta tashi, ka yi kilomita goma, ta sake mutuwa. Sati uku na yi ina zargin koyil, ina zargin famfon mai, har na sauke kafireto biyun na wanke, domin wa zai zargi abin da ya saka sabo fil? Nan ne muguntar take. Kayan banza ba lalacewa kawai yake yi ba, ɓatar da kai yake yi, ka bar shi kana kwance lafiyayyun kaya, garin neman gira ka rasa ido.

Robobi kuwa abin kuka ne. Bushin ɗin ƙafar gaba da na cire sun tsufa, sun taurare, amma suna nan a dunƙule. Waɗanda na saka, kafin shekara ta zagayo sun tsattsage kamar busasshiyar laka. Robar da ke rufe bakin sandar sitiyari ta yage ba tare da motar ta yi wata tafiyar kirki ba, tana tsaye a gareji ta ruɓe.

Duk waɗannan asarar kuɗi ce da ɓata lokaci. Akwai biyu da suka taɓa rai, kuma su ne ba zan yafe ba.

Na farko tiyon fetur. Man da ake sayarwa yanzu ba irin wanda aka ƙera motocin nan dominsa ba ne. A ƙasashe da yawa ana gauraya fetur da sinadarin itanol. A Birtaniya tun Satumban 2021 wanda ake kira E10, mai itanol har kashi 10 cikin ɗari, ya zama man yau da kullum, gwamnatin can ma da kanta ta gargaɗi masu tsofaffin motoci. Itanol yana jawo danshi cikin tanki, yana cin tsohuwar roba. Na san da haka, shi ya sa na nemi tiyo mai lambar R9, wanda aka yi don ya jure irin wannan man. An kawo mini, lambar tana nan a rubuce ɓaro-ɓaro a jikinsa. Wata takwas bayan nan na shiga gareji na ji warin fetur ya cika ko'ina. Na lanƙwasa tiyon da yatsa, sai ga tsaga-tsaga ta ko'ina, mai yana tsattsafowa. A injin motata kafireto a saman bututun hayaƙi suke, gefe guda. Da a kan hanya ne abin ya ɓalle, fetur ya zubo kan ƙarfen da ya yi ja, da yanzu wani labarin ake yi. Wanda ya buga lambar ƙarya a jikin tiyon nan ya san inda za a saka shi. Ya sani sarai.

Na biyu birki. Motoci da yawa na shekarun nan layin birki ɗaya gare su, ba kamar na yanzu masu layi biyu ba. Amurka sai a 1968 ta wajabta layi biyu, wasu motocin da aka yi don kasuwar Ingila kuwa sun daɗe bayan nan da layi ɗaya. Ma'ana, idan roba ɗaya ta saki a babban famfon birki, ƙafafu huɗun gaba ɗaya sun tafi, sai birkin hannu da addu'a. Saboda haka ban yi wasa ba, na sayi sabon famfo, na sauya man birkin duka tunda shi ma yana shan danshi, duk shekara biyu ake so a canza shi. Wata biyar, ina tsaye a danja ƙafata a kan birki, sai na ji fedal yana nutsewa a hankali har ya kusa taɓa ƙasa. Ɗana yana zaune a gefena. Da na kwance famfon na haska cikinsa, bangon silindar kaushi gare shi, zanen injin da ya huda shi yana nan ba a goge ba, shi ya cinye bakin robar.

Na kira mai kayan. Na yi masa bayani dalla-dalla, na tura masa hotuna. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka san fa tsohuwar mota ce, sai haƙuri. Wataƙila wajen ɗaurawa ne aka samu kuskure." Na ce, "Malam, motar ce tsohuwa, famfon da ka sayar mini wata biyar gare shi. Kuma kuskuren ɗaurawa ba ya zana cikin silinda." Sai ya ce zai aiko mini da wani. Wani daga ina? Daga kwandon da aka ɗebo na farkon! Ko a jikinsa. Ban ji alamar ya fahimci cewa birki muke magana a kai ba, ba murfin fitila ba.

Na san yadda aka yi muka iso nan. Masana'antun da suka ƙera motocin nan babu su. Ta kamfanin MG da ke garin Abingdon a Ingila an rufe ta a 1980, bayan ta fitar da MGB sama da dubu 500 tun daga 1962. A shekarar ce kuma aka daina Triumph Spitfire. Jaguar E-Type, wadda aka fara nunawa a Janiba a 1961, ta tsaya tun tsakiyar shekarun 1970. Kayan asali da suka rage a ɗakunan ajiya sun ƙare ko sun kusa. Amma motocin suna nan da yawa a hannun mutane, don haka kasuwa tana nan. Sai masu kwaikwayo suka shigo: a ɗauki tsohon abu, a auna tsawonsa da faɗinsa, a ba wanda zai yi shi mafi arha. Siffa ta fito daidai, amma irin robar, irin ƙarfen, taurinsa, santsin cikinsa, ba wanda ya tambaya. Sun kuma san yawancin masu irin motocin nan ba sa tafiya mai nisa da su, kafin abin ya nuna halinsa wa'adin mayarwa ya wuce, in ya lalace kuma a ɗora wa tsufa.

Mu ma masu saye akwai namu, domin da yawa mafi arha suke bi, su suka koya wa 'yan kasuwa cewa shara tana tafiya. Amma ni na sha cewa a ba ni mai kyau ko nawa ne. Sau da yawa babu zaɓin. Kwali daban, suna daban, kuɗi daban, ka buɗe ka ga abu ɗaya ne, har da tabon inji iri ɗaya a gefe.

Idan ka tsira daga mai kaya, sai ka faɗa hannun bakanike. Tun da aka wajabta wa motoci soket ɗin binciken kwamfuta a Amurka a 1996, sana'ar ta koma jona na'ura a karanta lamba. Ba na raina wannan, ilimi ne shi ma. Amma wanda bai taɓa daidaita kafireto biyu ba, bai san a sa tiyo a kunne a saurari shaƙar kowanne har su zo ɗaya ba, ya faɗi gaskiya mana, ya ce bai iya ba! Wanda na kai wa tawa lokacin da aiki ya sha kaina, na gaya masa abu biyu kafin in tafi. Na ce, "Oga, notinan motar nan na inci ne, ga sifanuna na bar maka. Sannan batirinta, fozitif ne ke haɗe da bodi, ba negatif ba, haka motocin Ingila suke kafin wajen 1967." Ya ce, "Haba Alhaji, shekarata nawa a aikin nan." Da na dawo, ya bi notinan rabin inci da sifana mai lamba 13, ta milimita. Rabin inci milimita 12.7 ne, sifanar tana shiga amma da ɗan wasa, sai ta murje kusurwoyin. Guda shida ya mayar mini da su kamar ƙwallo. Batir kuma ya juya shi yadda ya saba, agogon da ke nuna juyin inji ya ƙone. Ya zuba mata baƙin mai tsararo na motocin zamani, alhali mai kauri, 20W-50, take sha, mai isasshen sinadarin zinki da ke kare kamshaf ɗin irin waɗannan injina, wanda aka rage a man zamani saboda yana lalata matatar hayaƙi. Da na nuna masa ɓarnar, ya ɗaga kafaɗa ya ce motar ce ta tsufa. Kalmar nan dai.

Abin da ya fi ci mini rai, akwai gyaran da zamani ya tilasta kuma na yi shi da daɗin rai. Fetur mai dalma, wanda ke kare mazaunin bawul a tsofaffin injina, guba ne ga mutane, an yi daidai da aka kawar da shi. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da shi, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar da ƙarshensa a Agustan 2021. Na sauke kan injin, aka dasa masa mazaunan bawul masu tauri, magana ta ƙare, shekara huɗu ko gezau. Wannan ya nuna mini cewa idan aka samu kaya na gaskiya da hannu na gaskiya, motar nan tana tafiya kamar kowace mota. Na taɓa yin kilomita 600 da ita a yini ɗaya, ban buɗe bonet ba sai don duba mai.

Yanzu ga inda nake. Tsohon famfon birkin da na cire, na asali, na tono shi daga kwandon tarkace na aika wa wani dattijo mai injin huda ƙarfe ya sa masa sabon hannun riga na ƙarfen da ba ya tsatsa. Ya ce sati shida, domin aiki ya yi masa yawa kuma ba shi da yaron da ke koyo. Motar tana kan jak, ƙafafu a sama, na rufe ta da zane. Famfon da mai kayan ya aiko a madadi ya iso tun makon jiya, na buɗe na haska cikinsa, zanen nan yana nan kamar na farkon. Na naɗe shi na mayar masa da takarda a ciki, na rubuta cewa kuɗina nake so, kuma ya janye sauran daga kasuwa kafin wani ya ɗaura shi a motar da zai ɗauki ɗansa. Kwana tara ke nan bai amsa ba.