Ga mai raba makin muhawarar da bai kalla ba

Akwai wani a garin nan na Sakkwato da ya wayi gari ranar Asabar yana raba maki: wane ya ci, wane ya sha ƙasa, wance ta ba Arewa kunya. Ba zan kama suna ba, ya san kansa, 'yan majalisarsu ma sun san shi. Abin da ya ɓata mini rai shi ne mutane sun ɗauki maganarsa da muhimmanci, har dattawan da ba su da Facebook an kai musu ita a baki, alhali bawan Allah bai kalli muhawarar 'yan takarar mataimakin shugaban ƙasar ba. Guntun bidiyo aka tura masa ta WhatsApp, a kansa ya yanke hukunci.

Shi ya tona kansa da ya rubuta cewa mace ɗaya ce a dandalin. Mutum biyar suka tsaya a Transcorp Hilton da ke Abuja daren Juma'a, 14 ga Disamba, 2018: Yemi Osinbajo na APC, Peter Obi na PDP, Ganiyu Galadima na ACPN, Khadijah Abdullahi-Iya ta ANN da Umma Getso ta YPP. Mata biyu ke nan, malam. Ko minti biyar ɗin farko ka kalla da ka gan su.

Guntun da yake ta yaɗawa shi ne inda Obi ya ce yaƙi da cin hanci ba manufar tattalin arziki ba ne, mutum ba ya rufe shagonsa ya tafi bin ɓarayi. Magana ce mai kama hankali, ban musa ba. Amma a nan bidiyonsa ya yanke. Osinbajo ya mayar da martani cewa idan ka bari ɓarayi suka kwashe kayan shagon kaf, shagon ma babu shi. Je ka Tsohuwar Kasuwa ka karanta wa kowane ɗan kasuwa maganganun nan biyu, zai ce maka kowacce da gaskiyarta, kuma shugaban da ake nema shi ne wanda zai iya tsare kaya ciniki na tafiya. Kai ka ɓoye rabi, ka nuna rabi, ka ce an gama.

Inda ya kamata ɗan Sakkwato ya kasa kunne, wato batun tallafin man fetur, ko kalma ɗaya bai rubuta ba. Obi ya soki tallafin, ya ce ɓarna ake biya wa kuɗi. Osinbajo ya ce idan aka cire shi lita na iya kaiwa naira 220, daga 145 da ake saye a 2018. Kowannensu kuma ya bar ɓaraka. Obi ya ce motoci miliyan 2 ne a Nijeriya, masu bin diddigi suka fito da alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ke nuna sun haura miliyan 11. Shi kuwa Farfesa Osinbajo, ni dai bai gamsar da ni ba a kan yadda tallafin da aka ce an rabu da shi a watan Mayun 2016, lokacin da aka ɗaga lita daga naira 86 da kwabo 50, ya sake dawowa ta hannun NNPC da wani suna daban. Mu da Illela ke gefenmu mun san inda wani kaso na man nan ke bi ya tsallaka Ƙonni ta Nijar. Ɗan kabu-kabu a Mabera, da manomin albasa a Kware da ke zuba mai a injin ban ruwa, su ne lissafin nan zai fara taɓawa. Su suka cancanci a yi musu bayani da Hausa, a tsanake, ba a yi musu ihun "an kayar da wane" ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dariyar da mutumin nan ya yi wa ɗaya daga cikin matan, 'yar Arewa, saboda Turancinta. Mace ta fito daga cikinmu, ta tsaya gaban ƙasa baki ɗaya kusa da mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Osinbajo, da tsohon gwamnan Anambra, Obi, ta faɗi abin da ke ranta. Kana da damar ka ce amsoshinta ba su yi ƙarfi ba, ka kawo hujja. Amma ka mayar da ita abin wasa a gaban 'yan matan da muke ta roƙon iyaye su bar su su yi karatu? Wannan zalunci ne, kuma ɗiyanmu mata suna karantawa.

Ban manta ba, kafin watan Agustan 2018 wannan bakin ne ke yabon Farfesa safe da yamma. Da iskar siyasa ta juya a jihar nan, ya juya da ita. Sauya ra'ayi ba laifi ba ne, matuƙar mutum zai faɗi dalili. Kai ba ka taɓa faɗa ba. Da 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah cikin watan Yulin 2018, mutane suka yi gudun hijira zuwa Gandi, shafinka shiru, domin ba wanda ya sa maka data a kan wannan.

An sa muhawarar masu neman shugabancin ƙasa ranar 19 ga Janairun 2019. In Allah ya kai mu, ka zauna ka kalla daga farko har ƙarshe. Idan babu wuta a unguwarku, ka zo majalisarmu, akwai janareto, ni zan sayi man. Bayan nan ka rubuta duk abin da ka ga dama, zan amsa maka da sunana.