Wanda ya ce a'a, kada manhajarka ta ji eh

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja, ina da magana da ku.

Makon jiya wani yaro a nan Samaru ya kawo mini abin da ya rubuta da Python, ɗaya daga harsunan rubuta manhaja, wai don kawunsa mai shago a Sabon Gari ya daina rubuta bashi a littafi. Kafin goge suna, manhajar kan tambaya: "A goge?" Umarnin da yaron ya ba ta shi ne, in an ce a'a ta bar sunan, in ba haka ba ta goge. Ranar gwaji Kawu ya latsa wurin gogewa bisa kuskure, tambaya ta fito, ya gyara zaman tabarau ya rubuta A'a da babban baƙi, yadda aka koya masa tun firamare. Nan take sunan mai bashin buhun shinkafa ya ɓace.

Yaron ya ce laifin Kawu ne. Na ce a kul!

Kwamfuta ba ta da kara. A wurinta A'a daban, a'a daban. In mutum ya ƙara fili a ƙarshe, wata kalma ce kuma. Mu Hausawa har da ƙarin wahala: 'yar alamar nan da ke tsakiyar a'a, wata wayar miƙaƙƙiya take bugawa, wata lanƙwasasshiya, ido na ganinsu ɗaya, Python na ganin biyu. Wani ma aa zai rubuta ya wuce abinsa. Eh kuwa akwai mai e, akwai mai i.

To duk abin da input, wato umarnin karɓar amsar mutum, ta kawo, ka fara wanke shi. strip ta cire filin gaba da baya, lower ta mayar da baƙaƙe ƙanana. Sannan ka tanadi jerin amsoshin da ka yarda su ne eh, da jerin na a'a. Wanda bai faɗa ko ɗaya ba, kada ka yi masa fassara. Sa tambayar cikin while, umarnin da ke maimaita aiki, ka gaya wa mutum a fili abin da zai rubuta, ka sake tambaya har sai ya amsa, sannan break ta tsayar da maimaitawar. Musamman in gogewa ne ko tura kuɗi.

Sai kuskuren da na gaji da gani: if amsa == "eh" or "e". Kullum eh wannan zai ba ka, ko "tuwo" aka rubuta, domin Python na ɗaukar duk rubutun da ba fanko ba a matsayin gaskiya. Masu duba baƙin farko da amsa[0] su ma su sani, da an danna Enter babu rubutu manhajar za ta tsaya da saƙon kuskure na IndexError, don babu baƙin farkon da za ta duba.

Kuma ka daina gwada abinka kai kaɗai, kai da ka san amsar da yake so. Miƙa wa ƙanwarka, ka naɗe hannu, ka yi shiru.

Yaron ya gyara nasa da layuka kaɗan. Kawu dai ya ce littafinsa na nan ƙarƙashin kanta tukuna.