Gawon Damagaram yana da masu shi, ya kamata a san su

Duk wanda ya bi hanyar Zinder zuwa Magarya a watan Maris ko Afrilu, lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas kuma ciyawa ta ƙare, zai ga gonaki cike da gawo, kore shar, dabbobi na kwance a inuwa suna jiran 'ya'yansa su faɗo. Baƙo zai ɗauka daji ne da ya tsiro da kansa. Dattawan wurin kuwa sun san yadda gonakin nan suka kasance bayan farin 1973 da na 1984: fili fetal, iska na kwasar rairayi tana binne shuka, manomi ya yi shuka sau biyu ko uku kafin ta kama.

Masu bincike sun auna canjin. Da Gray Tappan na hukumar nazarin ƙasa ta Amurka ya kwatanta hotunan sama na 1975 da na tauraron ɗan'adam na wajen 2005, ya tarar a wasu ƙauyukan Nijar itatuwa sun ninka sau goma har fiye, alhali jama'a sun ƙaru sosai. A 2006, Mahamane Larwanou da abokan aikinsa sun yi nazari a Magarya da Matamaye da Mirya, suka ƙiyasta kusan hekta miliyan 1 na gonakin da itatuwa suka dawo, galibi gawo. A ƙasar baki ɗaya ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Babu wata ma'aikata ko ƙungiyar ƙetare da ta taɓa dasa ko da kusa da wannan adadi a Nijar. Manoma ne suka raine su ɗaya bayan ɗaya a gonakinsu, kuma har yau da wuya ka samu ɗan birnin Zinder da zai kawo maka sunan mutum biyu daga cikinsu. Wannan shi ne abin da ke damuna.

Aikin da muke kira sassabin zamani yana da sauƙin faɗa, amma yana cin haƙuri. Da bazara manomi zai shiga gona da gatari, maimakon ya share komai ya ƙone kamar dā, sai ya tsaya a kan kowane kututturen sabara ko kalgo ko aduwa da ya yi toho. Ya duba tohon, ya zaɓi biyu ko uku mafi ƙarfi da miƙewa, ya sare sauran, ya rage rassan ƙasa. Wani har ƙyalle yake ɗaurawa a jiki don mai wucewa ya san wannan yana da mai shi. Gawo kuma sau da yawa a cikin takin dabbobi yake zuwa, domin ƙwayarsa ta fi saurin tsirowa in ta bi ta cikin tumbin akuya ko saniya. Da damina, ana tsakiyar noma, sai manomi ya hango ɗan tsiro mai ƙaya bai kai tsawon yatsa ba a tsakanin hatsi, ya karkatar da hauya ya bar shi, ya kuma ja kunnen yaransa kada su taka. Shekara da shekaru yana kare shi daga bakin awaki da addar masu neman itacen wuta kafin ya fi ƙarfinsu. Ladar tana zuwa daga baya: gawo yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya hana shuka rana, ganyen ya zama taki, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, da rani kuma dabbobi su samu abinci su bar kashinsu a gindinsa. Je ka dubi zangarniyar hatsin da ke ƙarƙashin gawo, ka dubi ta fili, ba sai an yi maka bayani ba.

Wannan ilimi tsoho ne a ƙasar nan. Tarihin baka yana faɗin tsananin hukuncin da Sarkin Damagaram Tanimun ya ɗora wa mai sare gawo a ƙarni na 19. Abin da ya kashe wa mutane gwiwa daga baya shi ne doka. Tun zamanin Turawa, har zuwa dokar gandun daji ta 1974, ana kallon itace a matsayin dukiyar gwamnati ko da a tsakiyar gonarka yake. Ka raini gawo shekara goma, ranar da ka sari reshe don gyaran rumbu a ci ka tara. Mai hankali sai ya ga gara ya tumɓuke tsiron tun yana ƙarami ya huta. Da aka fara sassautawa bayan farin 1984, aka yi dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar gandun daji ta 2004, manomi ya fara jin cewa abin da ya raina nasa ne, sai gonaki suka cika. Darasin a fili yake: mutum yana kula da abin da ya tabbata zai mora.

To wa aka karrama? A 2018 an ba Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya fara koyar da wannan hanya a Maraɗi a 1983, lambar yabo ta Right Livelihood. Ya cancanta, kuma babu ɗan Nijar mai adalci da zai yi masa hassada. A shekarar ce aka ba Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da busasshiyar ƙasa ta hanyar haƙa ramuka yana zuba taki, irin wannan lamba, daga baya Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙara masa wata a 2020. Labarin Sawadogo ya nuna cewa manomin ƙauye zai iya tsayawa a gaban duniya da sunansa da sunan garinsu. A jihar Damagaram, inda akasarin aikin ya bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci ba tare da kuɗin kowa ba, rahotanni suna cewa "manoma" kawai, su wuce. Sunan mai ba da kuɗi yana kan allo a bakin hanya, sunan mai bincike yana kan takarda, wanda ya karkatar da hauya ya ɓace a cikin jam'i.

Ranar 3 ga Agusta ta kowace shekara muna bikin dashen itace, al'adar da ta samo asali tun zamanin Seyni Kountché, kuma al'ada ce mai kyau. Matsalarta ita ce ma'aunin da ta koya mana. Muna ƙirga yawan dashen da aka sa a rami ranar biki, a ɗauki hoto, a watse. Ba kasafai ake komawa a watan Afrilu a ga nawa suka rayu ba. Ni a ganina itacen da ya kai shekara biyar a tsaye ya fi dashe ɗari da suka mutu kafin kaka, saboda haka idan za a ba da kyauta, a je gona a ƙirga abin da ke raye. Wannan ma'auni yana da wata fa'ida. Masu cewa kyauta tana haifar da son kai, ta tafi wurin ɗan uwan mai gari ko ɗan jam'iyya, suna da gaskiya, mun sha gani. Amma gawo mai shekara ashirin ba a ƙirƙirarsa da dare ɗaya, kuma duk ƙauyen sun san gonar wa ta fi inuwa. A bar mutanen gari su fitar da nasu a bainar jama'a, ma'aikacin gandun daji ya je ya tabbatar.

A nan sai a buɗe ido da kyau, domin ba mai gona kaɗai ya yi aiki ba. Matan Mirya suna da kukokinsu, suna kula da su, suna tsinke ganye su shanya su kai kasuwa, da kuɗin ake sayen tiyar hatsi lokacin da rumbu ya yi ƙasa. A yankin Gure, mutane suna kafa shinge a kan tudun rairayi cikin zafin rana don kada ya binne kwarin da ake noman dabino da rake da rogo. A Takeita, ƙungiyar Ku Tayani ta haɗa manoma da makiyaya wajen kula da gandun dajin da a dā aka kusa yanke ƙauna da shi. Makiyayin da ya kwana da garkensa a gonar wani bayan girbi, shi ya kawo takin, shi ya kawo irin gawon. Jerin sunayen da babu mace babu Bafulatani babu Buzu a ciki, an rage gaskiya.

Takardar yabo da buhun taki ranar biki suna faranta rai, ban raina su ba. Amma babbar karramawa ita ce a tabbatar wa mutum ikonsa. A watan Yulin 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman a kan sassabin zamani, wadda ta amince cewa wanda ya raini itace a gonarsa yana da haƙƙin morarsa. Dokar da ke cikin Faransanci a ofis ba ta kare kowa a ƙauye. A fassara ta da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Buzanci, a riƙa karanta ta a gidajen rediyon karkara kafin lokacin sassabe, har manomi ya iya faɗin haƙƙinsa da bakinsa idan wani ya zo masa da barazanar tara. Kwamitocin filaye na ƙauyuka su rubuta itatuwan gona tare da gonar. Ɓarawon da ke zuwa da dare ya sare gawon wani ya loda a amalanke ya kai birni, a hukunta shi kamar wanda ya fasa rumbu. Babu abin da ke sa manomi ya daina raino kamar ya wayi gari ya tarar da kututture a inda ya bar itacen shekara goma sha biyar, ya kai ƙara a ce masa ya yi haƙuri.

Rubuta suna yana da wani muhimmanci da ke ƙaruwa yanzu. Nijar ta yi alkawarin farfaɗo da hekta miliyan 3.2 kafin 2030, tana kuma cikin shirin babbar ganuwar itatuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007. Duniya ta fara biyan kuɗi saboda itatuwan da ke zuƙe gurɓatacciyar iska. Ranar da irin wannan kuɗi ya iso Kance ko Dungas, wanda sunansa ke kan takarda shi zai karɓa. Idan ba a rubuta manomi tun yau ba, za a sayar da inuwar da ya raina yana zaune a ƙarƙashinta.

Ba na cewa gawo ya warware duk matsalolin kudancin Damagaram. Gonaki suna ƙanƙancewa da rabon gado, kuma ba mu manta da mutum 92, yawancinsu mata da yara, da ƙishirwa ta kashe a sahara kan hanyar Aljeriya a 2013 ba, da dama daga yankin Kance. Wannan ƙunci ne ma ya sa bai kamata a bar ilimin ya tafi kabari da masu shi ba. Waɗanda suka fara rainon itatuwan nan bayan 1984 sun tsufa. Jami'ar André Salifou tana nan a cikin garin Zinder, da ɗaliban da ke neman abin rubuta kundin kammala karatu. A tura su ƙauyuka su zauna da dattawan nan, su rubuta wane ne ya fara, a wace gona, da wace dabara, a ajiye da sunan mai maganar. Idan kuma za a shirya taron horo a Tanut ko Belbeji, a ɗauko manomin Magarya ko matar Mirya a matsayin malami, a zaunar da shi a gaba, a biya shi kuɗin da ake biyan ƙwararren da ya zo daga Yamai.