Cinikin da Ba a Sa Dillali Ba

"Na faɗa, kuma zan sake faɗa, an cuci ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Baltimore Ravens," in ji Dillali, yana karkaɗa makullan motocin da ko ɗaya ba tasa ba ce. "Dala miliyan 100 a shekara 5, saboda yaro guda wanda aikinsa shi ne ya tsaya a bayan ƙattan sahun gaba yana jiran wanda zai kayar?"

Alhaji, wanda ya zo Baltimore domin ya ga an loda motocinsa a jirgin ruwa zuwa Kwatano, ya dafe aljihunsa kamar shi za a caja. "Malam Dillali, dala ka ce ko naira?"

"Dala, ranka ya daɗe," Ɗan Boko ya amsa tun kafin a tambaye shi, kamar yadda ya saba. "Roquan Smith ake magana. A watan Janairu na 2023 ya sa hannu, yana ɗan shekara 25, miliyan 20 ke nan kowace shekara, kuma a lokacin babu mai tsaron tsakiya a ƙwallon Amurka da ya taɓa samun haka. Sai dai ba duka ne aka lamunce masa ba. Miliyan 45 ne tabbas tun ranar sa hannu, jimillar abin da aka lamunce kuma miliyan 60. Sauran, idan ƙungiya ta ga ƙarfinsa ya ragu, tana iya sallamarsa ta riƙe kuɗinta."

"To, wannan ɓangaren na fahimta," in ji Alhaji, hankalinsa ya ɗan kwanta.

"Duk da haka an yi asara," Dillali ya dage. "Ka tambayi Indianapolis. A 2021 sun ba mai tsaron tsakiyarsu Leonard kusan miliyan 100, ciwon baya ya kama shi, kafin ƙarshen 2023 sun sallame shi. Mai wannan aiki kullum da kafaɗa da wuya yake cin abinci. Mota ce mai kyan fenti da ake tuƙawa a kan hanyar ramuka, kuma wanda ya san mota ba ya biyan farashin sabuwa."

"Baba, gaskiyarka a kan Leonard, amma ka duba abin da Baltimore ta samu. A kakar 2023 babu ƙungiyar da aka ci wa maki kaɗan kamarsu, sun yi nasara a wasa 13 cikin 17, kuma Smith ne mai karɓar umarnin koci ta na'urar da ke cikin hularsa yana tsara abokan wasansa. Shekara uku a jere, daga 2022 zuwa 2024, ana zaɓensa cikin gwanayen gasar na sahun farko."

"Sun ɗauki kofi?"

"Kansas City ta fitar da su da ci 17 da 10, saura wasa ɗaya su kai na ƙarshe."

"Ka ji ko, Alhaji? Miliyan 100, babu kofi."

Ɗan Boko ya gyara zaman tabaransa, abin da yake yi duk lokacin da zai fito da lissafi. "Akwai iyakar kuɗin da aka yarje wa kowace ƙungiya ta kashe a kan albashi. A 2023 dala miliyan 224.8 ce, a 2025 ta kai miliyan 279.2. Miliyan 20 ɗin da ta kusa kashi 9 cikin ɗari a farko ta dawo kashi 7 da ɗan ɗoriya. Wato kullum kwantiragin ƙara sauƙi yake yi wa ƙungiyar."

Dillali ya yi shiru na ɗan lokaci, abin da ba a saba gani ba, sannan ya buga teburi. "Ai abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu! An cuci yaron nan!"

"Ɗazu ƙungiya ka ce an cuta," in ji Alhaji.

"Dukansu an cuce su, ranka ya daɗe. Ƙungiya ta saya da tsada, yaro ya sayar da arha."

"Yaya ciniki ɗaya zai yi tsada kuma ya yi arha?"

"Haka yake kasancewa idan babu wanda ya tsaya a tsakani ya ce albarka."

A nan ne asirin ya tonu. Smith ba shi da wakili. Shi da kansa ya zauna da Eric DeCosta, babban manajan ƙungiyar, suka daidaita, watanni kaɗan bayan tsohuwar ƙungiyarsa Chicago ta rabu da shi saboda sun kasa shiryawa a kan kuɗi. Dillali ya san wannan tun farko, kuma shi ne abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya.

"Nawa ne la'adar wakili a ƙasar nan?" Alhaji ya tambaya a hankali.

"Ba ta wuce kashi 3 cikin ɗari, ƙungiyar 'yan wasa ce ta ƙayyade," in ji Ɗan Boko. "A wannan cinikin, har dala miliyan 3."

"Miliyan 3," Dillali ya maimaita, muryarsa tana rawa. "Haƙƙin wani bawan Allah mai iyali. Yaron nan ya naɗe shi ya sa a aljihu, kuma kuna yaba masa. Ina tarbiyya? Ina girmama sana'a? Tun kaka da kakanni ba a sayar da ko akuya sai da dillali."

"Lamar Jackson ma, mai jefa musu ƙwallo, haka ya yi a watan Afrilu na 2023. Miliyan 260, babu wakili."

"Kada ka lissafa mini wannan."

"Miliyan 7.8."

"Na ce kada ka lissafa!"

Ya kamata a ambata cewa mutumin da ke kuka a kan kashi 3 shi ne yake karɓar la'ada a hannun mai saye, ya zagaya ya karɓa a hannun mai sayarwa, sannan ya ƙara wani abu da yake kira kuɗin zirga-zirga, ko da a waya aka gama cinikin.

Alhaji bai fahimci komai ba game da sahun gaba ko na'urar cikin hula, amma ya daɗe yana motsa baki, alamar yana wani lissafin na daban. "Ɗana, kana nufin mutum zai iya zama da mai kaya ido da ido, su gama magana, a sa hannu, kuma doka ba ta hana ba?"

"Ƙwarai kuwa, Alhaji."

"Gwanjon motocin nan da Malam Dillali yake zuwar mini, an ce a intanet ake yin sa?"

"Akasari, ranka ya daɗe. Zan iya nuna maka yadda ake rajista."

Dillali ya miƙe tsaye, ya janye kujerar Ɗan Boko baya da ƙafarsa, ya shiga tsakaninsu. "Alhaji, me ya haɗa mu da ƙwallon da ko zagaye ba ta yi ba? Yaro ya ci kuɗinsa, Allah ya sa albarka, ciniki ya yi kyau ta kowane ɓangare. Kai kuma tashi ka tafi makaranta."

"Yau Asabar ce, Baba."

"To, tafi ka jira Litinin a can."