Nasiha Kan Ciwon Daji da Jinkirin Zuwa Asibiti

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwa na Kaduna da kewaye.

Allah Ya gina jikin ɗan Adam da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, Ya kuma gindaya wa kowace iyakarta: tana manne da maƙwabtanta, tana rabuwa gida biyu idan da buƙata, tana mutuwa idan ta lalace. Ciwon daji yana farawa ne idan wata ƙwaya ta ƙetare wannan iyaka, ta yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa har ta zama ƙari.

Da farko ƙarin yana zaune wuri guda, kuma ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 sai ya sami jini, shi ya sa yake fitar da sinadaran da ke sa sababbin jijiyoyin jini su tsiro zuwa gare shi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda yake juya wasu ƙwayoyin garkuwar jiki, waɗanda aikinsu su yaƙe shi, su koma yi masa hidima. Daga nan wasu ƙwayoyinsa sukan saki juna, su narkar da tantanin da ya killace su, su kutsa cikin jijiyoyin jini ko hanyoyin ruwan jiki da ke bi ta kaluluwa. Mafi yawansu a hanya suke mutuwa, amma 'yan kaɗan da suka tsira sukan yada zango a ƙashi, ko hanta, ko huhu. Tun a 1889 likita Stephen Paget na Ingila ya kwatanta su da iri, wanda ba ya tsirowa sai a ƙasar da ta karɓe shi.

Wannan yaɗuwa tana buƙatar lokaci, kuma sau da yawa mu ne muke ba ta shi. Mace ta ji ƙullutu a nono, kunya ta hana ta faɗa, ko maigida ya ce a dakata, ko dangi su ce daji ba ya son ƙarfe da allura, alhali ƙarin da bai bar mazauninsa ba shi ne likita ya fi iya cirewa. Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar mata da magani, don haka neman magani da wuri bai saɓa wa tawakkali ba.

Magidanta da iyaye, duk ƙullutu ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko zubar jinin da ba a saba gani ba, a kai mai shi a duba, ko a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a nan cikin gari, ko a na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.