Su bar mana tabilet a matsayin abin karatu

Tun da kamfanin Apple ya saki iPadOS 26, manhajar da ke tafiyar da tabilet ɗinsa na iPad, a watan Satumbar 2025, masu sharhi kan na'urori suka shiga guɗa cewa yanzu iPad ya zama kwamfuta ta gaske. Ana buɗe tagogi da dama a jere, ana ja musu gefe su ƙaru ko su ragu, ga jerin umarni a sama irin na Mac, kwamfutar Apple. Wannan murnar ce abin haushin, domin ta nuna cewa masu ƙera tabilet da masu tallata shi duk sun manta dalilin da ya sa jama'a suka karɓe shi tun farko.

Ba Apple ne ya fara tabilet ba. Microsoft ya fito da nasa tsarin a 2002, da Windows XP a ciki da alƙalamin da ake dangwala fuska da shi. Kwamfutar ofis ce aka cire wa kibod: nauyi, tsada, zafi, ga batirin da ba ya kai mutum la'asar. Kasuwa ta yi biris da shi. A ranar 27 ga Janairun 2010 da Steve Jobs ya nuna iPad na farko a San Francisco, bai tsaya gaban tebur ba, kujera ya samu ya zauna ya ɗora abin a cinya. Ayyukan da ya lissafa su ne shiga intanet, wasiƙun imel, hotuna, bidiyo, sauti, wasanni da karanta littattafai. Fuska inci 9.7, nauyi giram 680, batir na awa goma, farashi dala 499. Cikin kwana 28 da fara sayarwa aka sayar da miliyan ɗaya. A ƙarshen 2011 Amazon ya kawo Kindle Fire a kan dala 199, Google ya biyo da Nexus 7 a 2012 a kan farashi ɗaya, duk biyun inci bakwai. Babu ko ɗaya daga cikinsu da aka saya don rubuta rahoton ofis. An saye su ne don mutum ya kishingiɗa bayan isha'i ya karanta jarida ba tare da jiran kwamfuta ta tashi ba.

Yanzu a duba inda aka kai mu. A watan Mayun 2024 Apple ya sa sabon ƙwaƙwalwarsa M4 a iPad Pro tun kafin ya sa shi a kowace Mac. Mai inci 13 ya fara daga dala 1,299, kibod ɗinsa dala 349, alƙalami dala 129. Jimilla dala 1,777, a lokacin da MacBook Air mai M3 ke farawa daga dala 1,099. Idan aka haɗa shi da kibod, nauyinsa ya kusan kai na MacBook Air ɗin. Wato ka biya ƙarin kuɗi, ka ɗauki kaya iri ɗaya, ka samu jemage, ba tsuntsu ba, ba ɓera ba. Masu kare kamfanin za su ce ai ana iya kashe tagogin a koma tsohon tsari. Gaskiya ne, amma maɓallin kashewa ba ya rage farashi, kuma ba ya sauya inda kamfani ya karkata hankalinsa. Samsung ma hanyar ya bi da DeX, tsarinsa mai mayar da fuskar tabilet kamar ta kwamfuta, da tabilet mai inci 14.6, wanda babu mai iya riƙe shi a kwance sai dai ya faɗo masa a hanci.

Abin da mai karatu yake buƙata kaɗan ne, kuma ba ƙarfin ƙwaƙwalwa ba ne. Na farko kaifin rubutu, wanda ake auna shi da yawan ɗigo a kowane inci. iPad na 2010 yana da ɗigo 132, shi ya sa ƙananan haruffa suke fitowa da gefe kamar haƙoran zarto. A 2012 aka ninka zuwa 264, kuma har yau iPad na gama-gari yana nan a wannan adadi domin ido ba ya neman fiye da haka a tazarar da ake riƙe littafi. Tabilet ɗin da suka cika kasuwanninmu da araha, masu inci 10.1 da ɗigo 1280 sau 800, ba su wuce 149 a inci ba. Ga boko babba ba laifi. Amma a buɗe littafin Larabci da aka ɗauki hotonsa aka mayar PDF, mai wasulla da sharhi siriri a gefe, nan take fataha da kisira za su cuɗe, ɗalibi ya koma jan shafi da yatsu biyu a kowane layi. Mai ɗigo 1920 sau 1200 a wannan girma yana ba da kusan 224, kuma daga nan ya kamata mai saye ya fara.

Sai siffar fuskar, wadda kusan babu mai talla da ke ambata. Takardar A4 tsawonta ya ninka faɗinta sau 1.41. Fuskar iPad mai inci 11 tana da 1.44, don haka shafi yana cika ta kusan daidai. Yawancin tabilet na Android suna da 1.6, an yanka su ne don kallon fim, shafi yakan ƙanƙance ya bar fili sama da ƙasa. Wanda ya ce wayar zamani ta wadatar bai gwada ba: waya mai inci 6.7 siririya ce, filin fuskarta kusan kashi ɗaya ne cikin uku na tabilet mai inci goma. Ta isa karanta saƙon WhatsApp da labarin soyayya da ake turawa shafi-shafi, ba ta isa mujalla ko takardar jarrabawa mai zane ba.

Nauyi shi ne yake yanke hukuncin ko za a ci gaba da amfani da na'urar ko za ta koma durowa. Giram 300, irin na iPad mini, hannu ɗaya yana ɗauka tsawon awa. Daga giram 480 zuwa sama sai an jingina a ciki ko a matashi. Riga mai kibod tana iya ninka nauyin gaba ɗaya.

Akwai kuma zafi, wanda ya fi shafar mu. Apple da kansa ya ƙayyade cewa a yi amfani da iPad tsakanin digiri 0 zuwa 35. A Sakkwato da Maiduguri da Zinder, watan Afrilu yakan haura 40. A irin wannan yanayi na'urar tana dushe fuskarta da kanta, tana dakatar da caji, batirin kuma yana tsufa da wuri. A masu araha har kumbura yake yi ya ɗago fuskar daga jikinta. Caji a cikin mota da rana, ko a ƙarƙashin matashi, ko cikin riga mai kauri, shi ne ke saurin kashe shi. Da kamfanoni sun zuba kuɗin da suke kashewa kan tagogi wajen batir mai jure zafi da fuskar da ba ta ƙyalli a hasken rana, da mai karatu ya ga amfanin.

Matsalar ƙarshe tana ɓoye, ba a ganin ta a shago. Tabilet mai araha da ram (ma'ajiyar da ke riƙe abubuwan da aka buɗe) na gigabait biyu yakan zo da tsohon Android da ba za a taɓa sabunta shi ba. Shafukan labarai na yau cike suke da talla da bidiyo masu kunna kansu. Buɗe uku ko huɗu kawai ya isa na farko ya rufe ya sake lodawa, data ta tafi sau biyu. Bayan 'yan shekaru manhajoji su fara ƙin sauka, na'urar da fuskarta lafiya lau ta zama faifan ajiye kofi. Gigabait huɗu shi ne mafi ƙaranci, kuma a tambayi mai shago shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin sabuntawa.

Abin da ake nema daga masu ƙerawa ba shi da wuya: inci takwas zuwa goma, siffar takarda, ɗigo sama da 220, nauyi ƙasa da giram 400, sabuntawa na shekara biyar, a farashin matsakaiciyar waya. Duk kayan haɗin suna nan a kasuwa tun fiye da shekara goma. Ribarsa ce ba ta kai ta kibod mai dala 349 ba.