Samamen kan mai uwa da wabi ba ya tsorata 'yan sara-suka

An sake komawa gidan jiya. Da zarar kukan ƙwacen waya ya yi yawa a Kaduna, ko aka sari wani a bakin layi har rai ya yi halinsa, sai a jero motocin sintiri da daddare a shiga Tudun Wada, Rigasa, Unguwar Sanusi ko Kawo, a kwashe duk wanda aka tarar a majalisa da teburin mai shayi. Washegari a zaunar da su a ƙasa gaban 'yan jarida, a baje adduna da barandami da ƙullin wiwi, a karanta adadi. Jama'a su yi ta sa albarka a Facebook. Kafin wata ya zagayo an sake sare wani a layin.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake kiran wannan aiki da sunan tsanani, alhali ragwanci ne. A dubi lamarin da idon yaron da ke riƙe da addar. Cikin waɗanda aka kwasa, masu saran kaɗan ne. Sauran yaran makaniki ne, da direban Keke Napep da ya tsaya shan shayi, da ɗalibin da dare ya yi masa. Babu mai ƙara, babu shaida, don haka abin da za a iya gabatarwa gaban majistare bai wuce tuhumar haɗa baki da tayar da hankali ba, kuma beli ne ƙarshenta. Darasin da ɗan sara-suka ya ɗauka shi ne kamu kamar ruwan sama yake, yana dukan wanda ya yi da wanda bai yi ba. To me zai sa ya ajiye makami, tunda ajiyewar ba ta kare shi daga komai? Ita kuwa uwar da ta ci bashi ta karɓo ɗanta marar laifi, ko a gabanta aka yi kisa ba za ta sake buɗe baki ba.

Akwai wata hanya, kuma ba sabuwa ba ce. A 1995, a birnin Boston na Amurka, masana irin su David Kennedy da Anthony Braga suka zauna da 'yan sandan da suka san lunguna, suka bi kashe-kashen matasa ɗaya bayan ɗaya. Suka gano ƙungiyoyi 61 ne masu mambobi kusan 1,300, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na matasan birnin, ke da hannu a aƙalla kashi 60 cikin 100 na kisan. A 1996 aka fara ja wa waɗannan 'yan tsirarun kunne ido da ido. Kisan matasa a kowane wata ya ragu da kashi 63 cikin 100.

Aikin yana farawa ne a kan tebur, ba a bayan Hilux ba. A tara DPO, jami'an binciken da suka daɗe a yankin, 'yan sintiri da masu unguwanni, a ɗauko kowane kisa da kowane sara na shekara biyu ko uku da suka wuce. Wa ya yi, ɗan wace daba ne, da wa suke gaba, me ya haddasa? Sau da yawa za a tarar ramuwar gayya ce kan budurwa, rabon kuɗin siyasa ko raini a wurin biki. Sunan da mutum ɗaya kaɗai ya kawo ba ya shiga jerin, domin nan ne mai unguwa ko ɗan sintiri ke cusa maƙiyinsa.

Daga nan sai taron jan kunne. A kira kamar mutum ashirin, ɗaya ko biyu daga kowace ƙungiya, musamman waɗanda ke kan beli, tunda su ne doka ke da igiya a wuyansu. Ba a kama kowa a wurin, ko da ana nemansa. Ranar da aka yi haka, ba wanda zai sake amsa kira. Murya uku za su ji. Hukuma ta ce: mun san ku, mun san abokanku, ƙungiyar da ta fara zubar da jini daga yau, kanta gaba ɗaya za mu sauka. Sai unguwa ta yi magana, liman ko fasto, tsohon ɗan daba da ya bari, da uwar da ta ga an shigo mata da gawar ɗanta a tabarma. Sai na uku, mai ba da taimako, ya ba da lambar waya ɗaya tak ga mai son fita, ko koyon sana'a yake nema, ko maganin shaye-shaye, ko a gusar da shi daga unguwar da ake farautarsa. A ce su koma su isar da saƙon.

Sauka a kan ƙungiya ba ya nufin kama ƙane a madadin wa, wanda dokar 'yan sanda ta 2020 ta haramta. Kowa da nasa laifin za a bi shi: wannan yana da tsohon sammaci, wancan ya karya sharaɗin beli, ɗayan yana sayar da ƙwaya. Amfanin hakan shi ne abokai su zama masu riƙe hannun mai zafin kai, domin sun san idan ya sara, su ma sun shiga uku.

Inda abin ke lalacewa sananne ne: alkawari. A Boston an fara da nuna misali. A watan Agustan 1996 aka kama fiye da mutum ashirin na ƙungiya guda, aka kuma yaɗa labarin wani gawurtacce da ya samu kusan shekara 20 a kurkuku saboda harsashi ɗaya. A nan Kaduna gwajin farko zai zo ne ta waya, daga ubangidan siyasa mai cewa a saki yaransa. Idan aka sake su, an yi taron a banza, har gara ba a yi ba. Haka idan fayil ya kwana a ofishin mai gabatar da ƙara, ko aka yi wa DPO canjin wurin aiki bayan wata shida, ko yaro ya kira lambar taimakon ya ji ta a kashe. Boston ɗin ma da ta yi sake da shirin wajen shekarar 2000, kisan ya dawo.

Masu cewa sai an kawar da talauci tukuna su gaya mana me ya sa dubban matasan Rigasa marasa aikin yi ba su taɓa ɗaukar adda ba. Masu son a riƙa kashe ɓarawon waya a bakin titi kuwa, wata dabar suke son kafawa. Shi ma bikin tuba, inda ake tara yara su rantse da Alƙur'ani a karɓi tsofaffin wuƙaƙe a raba musu 'yan kuɗi, rabin aiki ne, domin babu abin da ke jiran wanda ya koma ruwa.

Kada kuma a ce dabarar masu bindiga ce ta Amurka. Birnin Glasgow na Scotland ya ɗauke ta a 2008, kuma matsalarsu wuƙa ce irin tamu. Wani nazari na 2018 da ya tattara gwaje-gwaje 24 ya samu raguwar laifi a 19. Ba maganin 'yan bindigar dajin Birnin Gwari ba ce, amma ta dace da yaran da kowa ya san ƙofar gidan iyayensu.

Rundunar 'yan sanda da ma'aikatar shari'a ta jiha su zaɓi yanki ɗaya, su ware lauyan gwamnati ɗaya da zai bi fayilolinsa har hukunci, su kira taron farko kafin gangamin zaɓe ya kankama a fara raba wa yaran nan kuɗi da ƙwaya. Gwamna kuma ya faɗa a bainar jama'a cewa ko ɗan jam'iyyarsa ne ya kira neman a saki wani, za a bayyana sunansa.